Mun dawo daga jirgin ruwa, ga labarin da kuka dame ni da shi

Assalamu alaikum 'yan gida, Yaya, Gwaggo, mutanen Zango da na Birni, da duk wanda za a karanta ma wannan saƙon. Ya zafi? Tunda na sa hotunan nan salulata ba ta huta ba, wannan ya ce otel ne, wancan ya ce haɗin kwamfuta ne. To jirgi ne wallahi, tsawonsa ya kai filin ƙwallo uku a jere, mutanen cikinsa dubbai ne, kuma Alhamdulillahi mun je lafiya mun dawo lafiya, ni da maman yara da yaran duka.

Daga Marsey ta Faransa muka tashi lokacin hutun lakol, jirgin ya tsaya Jenowa, ya tsaya tashar da ake sauka a hau jirgin ƙasa zuwa Roma, wajen kilomita 80, sai Falermo a tsibirin Sisili, sai Barsalona, sannan gida. Kada ku ce na yi kuɗi dan Allah, kaɗan kaɗan muka biya tiken tun watanni kafin tafiya, nan haka suke yi. Tike ɗaya ya haɗa ɗaki da abinci da tafiyar. Dare jirgi na tafiya kana barci, safe ka buɗe labule ka ga wani gari. Ƙasa uku muka taka, Faransa, Italiya, Sipaniya, babu wanda ya nemi wata biza saboda duk Shengen ne, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, ni kuwa ina tuna shingayen da mutum ke ƙirgawa tsakanin Damagaram da Kano.

Kafin a ma kunce igiya sai da aka sa kowa ya je inda zai taru in hatsari ya faru, aka nuna mana yadda ake sa rigar ceto, har ƙaramar tamu an ɗaura mata alama a hannu. Wanda bai je ba sai an nemo shi. Wannan ya burge ni, don mu dai in an cika mota ranar kasuwa sai direba ya ce Allah ya kiyaye, a ce amin, shikenan.

Amma abin da ya tsaya mini a rai, Yaya, ruwa ne. Muna tsakiyar teku, ko'ina ruwan gishiri wanda ko dabba ba ta sha, amma ka murɗa famfo ƙarfe nawa ne ma ruwa zai zubo, mai sanyi da mai zafi, mutum dubbai suna wanka suna wanki ana dafa abinci ana cika wuraren ninƙaya, bai taɓa ɗaukewa ba. Na tambayi wani ma'aikaci ina suke ajiye duk wannan, ya ce ai akwai injuna a ƙasan jirgin da ke jan ruwan teku su tace su cire gishirin. Na daɗe tsaye a banɗaki ina kallon famfon nan ina tuna Inna da tashin tsakar dare in an ce ruwa ya zo, da jerin bido a bakin famfon unguwa, da yadda 'yan garuwa ke zama sarakai in watan Afirilu ya kama. Damagaram, garin da ya yi babban birnin Nijar har 1926, a ce har yau sai an jawo mashi ruwa daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram kuma bai isa ba. Na san ƙasarmu dutse ne, ba kamar Yamai mai kogi ba, amma dai in mutum zai iya shayar da gari guda a bisa gishiri to mu ma ba abin da ya gagara ba ne. Maman yara kuwa hali bai barin mai shi, daren farko sai da ta cika kwalabe ta jera ƙarƙashin gado wai ko za a ɗauke.

To ga inda suka sha bamban da mu kuma. Ruwan da ke zuba kyauta a banɗaki, in ka zauna tebur ka ce a kawo maka na kwalba, kusan yuro 3 ne, yuro ɗaya kuwa sefa 656, ku lissafa, wajen jika 2 kenan kwalba guda. Akwai na kyauta a wurin cin abinci na kowa da kowa, can muka riƙa ɗiba. Mu da ba mu da ruwan ma baƙo bai zama ba a miƙa mashi kwanon sha ba.

Kuɗi kuma ba ka taɓa shi a ciki. Kati ɗaya suke ba ka, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka in za ka sauka, shi ne aljihunka. Ka sha lemu kati, hoto kati, intanet kati kuma da tsada, ga wani kuɗin hidima da suke ɗora ma kowane mutum kullum ko ka nema ko ba ka nema ba. Babu ciniki, babu gyara, babu albarka. Ranar da aka turo takardar lissafi sai da na zauna. A kasuwar Dole ko ba komai kana ganin kuɗinka na fita da idonka, in ya yi yawa ka ce a rage, mai kaya ya rantse ka rantse ku daidaita.

Abinci kam sai wanda ya gani, daga asuba har dare ba a rufewa, kuma abin da ake zubarwa ya dame ni ƙwarai, mutum ya cika faranti ya ci loma biyu ya tashi. Mu mun fi tsayawa kan kifi da ƙwai da shinkafa da taliya saboda maganar yanka. Daɗi dai ba laifi amma ba yaji ba daddawa, kwana kaɗan yaran ma suka fara tambayar tuwo. Tumatirin Falermo ne kawai zan ce ya kamo na lambunan Mirya. Kasuwarsu ta Balaro kuwa da ihu ake talla, ga 'yan Afirka birjik, wai Musulmi sun taɓa mulkin garin daga shekara ta 831.

A Italiya na duba jakunkunan fata da kyau saboda Kawu. Fatar ba ta fi ta jar akuyarmu ba ko kaɗan, aikin hannu ma dukawan Damagaram ba su da na biyu, inda suka fi mu shi ne zif mai ƙwari, ɗinki a miƙe, fatar ba ta wari, sai kwali mai kyau da suna, daga nan kuɗin ya ninka ya sake ninkawa.

Salla a ɗaki muke yi, ƙasaru, alƙibla kuwa sai ka duba salula kowane lokaci don jirgin na juyawa. Mai gyara mana ɗaki ɗan Indunusiya ne Musulmi, da ya ga darduma ya yi mana sallama, ya ce watanni yake yi bai ga 'ya'yansa ba. Yawancin ma'aikatan haka suke, Filipin, Indiya, 'yan ci-rani ne irinmu.

Daren da muka nufi Sisili na fita sama ni kaɗai, ana kiɗa a bayana, gabana kuwa duhu da ruwa ba iyaka. Wannan tekun ne fa yaranmu ke bi ta Agadas da Dirku su shiga Libiya don su hau shi cikin kwalekwalen roba su nufi tsibirin Lampedusa na Italiya, wasu har yau iyayensu ba su ji labarinsu ba. Ni ina kansa da 'ya'yana cikin ɗaki mai kilim da rigar ceto a kabad, ba don na fi su wayo ko ƙoƙari ba, takarda ce kawai Allah ya ba ni. Na yi godiya a wurin har da hawaye. Yaya, wannan yaron naka da ke ta maganar Libiya, ka ce ya kira ni mu yi magana ni da shi, na ga ruwan da idona.

Gwaggo kuma kada ki wahalar da kanki da kilishi, nama ba a bari a shigo da shi Turai, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. In an samu mai zuwa a ba shi yaji da kuka da kuɓewa busassa. Tankin ruwa kuma da muka yi magana a tambayo mini kuɗinsa har da na mai ɗorawa, in Allah ya so ƙarshen wata zan turo.