Burbushin ƙarfe a man giya da a baƙin mai: wanne ya fi haɗari?

Ganin ƙarfe a farantin ƙasan giya mai canza kanta ba kullum ne abin tsoro ba. Masu ƙera mota da kansu suke liƙa maganaɗisu a farantin, don sun san giya za ta ci kanta kaɗan-kaɗan. In abin da ya manne laushi ne kamar kwalli, a goge, a canza mai da matatar mai, a ci gaba da tafiya. Amma in ka murza ka ji tsini a yatsa, haƙoran giya ne ko boris ke karyewa. Baƙin gari mai ƙaurin ƙuna kuwa, kulocin ciki ne ya ƙone.

Inji ba ya samun wannan uzurin. Matatar mai tana kama ƙananan burbushi, saboda haka duk ƙyalƙyalin da ido ya gani a baƙin man da aka juye ya riga ya yi yawa. Launin tagulla shi ne mafi muni: metal ɗin kiranshaf, wato siririn ƙarfen da babbar sandar inji ke juyawa a kansa, ya cinye, inji na dab da bugawa. Fari wanda maganaɗisu bai kama ba alminiyom ne, sau da yawa daga fistin. Sabon inji ko wanda aka yi wa garambawul kaɗai ake yi wa afuwa, a juyen farko.

A ganina, giya kan ba ka lokacin neman kuɗi. Inji kuwa, a kashe shi, bakanike ya yanka matatar ya duba kafin a sake tayarwa.