Jan Akwatin Wasiƙu na Titunan Landan: Tsohon Ƙarfe da Bai Yi Ritaya Ba

Cikin kayan tarihin da birnin Landan yake taƙama da su, wanda ya fi burge ni shi ne jan akwatin nan na zubin ƙarfe da ke tsaye a bakin titi, domin har yau mutum yana manna kan sarki a ambulan, ya jefa a ciki, ma'aikacin gidan waya ya zo da mabuɗinsa ya kwashe.

An fara girka irinsa a tsibirin Jasi, da ke tsakanin Ingila da Faransa, a 1852, bisa shawarar Anthony Trollope, marubucin da ke aiki da gidan waya a lokacin, sannan ya iso Landan a 1855. Koren fenti aka riƙa shafa masa a da, amma jama'a suka koka cewa ba ya fitowa fili, shi ya sa aka koma ja daga 1874.

Abin da ya kamata baƙo ya tsaya ya duba shi ne tambarin sarautar da aka zuba a jikin ƙarfen, wanda ke nuna zamanin da aka ƙera akwatin. Mai ɗauke da VR na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, ke nan ya haura shekara 120 yana shan ruwan sama da sanyi. Mai EIIR kuwa, na Elizabeth ta Biyu, ko'ina akwai shi. Wanda ya yi gamo da na Edward na Takwas ya taki sa'a, domin sarkin bai cika shekara guda a gadon mulki ba a 1936. A ganina babu wanda ya kai samfurin Penfold kyau, wanda ya ci sunan mai zana shi, mai kusurwa shida da adon ganye a kansa, wanda aka ƙera tsakanin 1866 da 1879.

Yana da nasa aibin. Bakin tsofaffin akwatunan ƙunci gare shi, saboda an yi su ne domin wasiƙar da ake rubutawa da hannu, kuma mai ƙunshin kaya ba zai iya jefa shi a cikinsu ba. Wasu kuma fentinsu ya koɗe, tsatsa ta fara cin gindinsu. Duk da haka ina ba mai ziyara shawara ya sayi kati da kan sarki, ya karanta lokacin kwasa da ke rubuce a gaban akwatin, sannan ya aika wa mutanen gida gaisuwa ta cikinsa.