Kejin raga na kiwon malam-buɗe-littafi, bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya a Samaru

A farkon daminar da ta wuce na sayi kejin raga mai naɗewa, irin wanda ake yi musamman domin kiwon tsutsar malam-buɗe-littafi, daga wani mai sayar da kayan ɗakin gwaji na makarantu ta intanet, kuma na je na karɓo shi a tasha a Kwangila bayan kwana biyar. Kafin wannan lokaci na yi shekaru ina kiwo a cikin bokitan fenti da na rufe bakinsu da tsohon gidan sauro, saboda haka ina da abin da zan auna shi da shi. A cikin kwalin akwai kejin kansa, da ragar kamu mai mariƙi, da allon shanya fukafukai, da fakitin allurai, da wata takardar bayani ta Turanci.

Kejin tsayinsa santimita 60 ne, faɗinsa 30, kuma wayar da ke cikin gefunansa tana da tsalle, da zarar an kwance igiyarsa sai ya miƙe da kansa. Ɓangarori uku raga ce fara mai ƙananan idanu, ɗaya leda ce garau da ake leƙawa ta cikinta, sai ƙofa mai zif a gefe. Wannan ƙofa ta gefe ita ce abin da na fara yabawa, domin tsutsa idan ta ƙoshi sama take hawa ta rataye kanta, kuma duk mai kiwo a bokiti ya san takaicin ɗaga murfi ya tarar ya tsinke wadda ta manne a jikinsa.

Na fara gwada shi da irin da ya fi sauƙin samu a Zariya, wato jan malam-buɗe-littafi mai baƙin gefe da fararen ɗigogi, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, kuma wanda a nan Afirka ta Yamma yawanci fukafukansa na baya farare ne. Abincin tsutsarsa tumfafiya ne, ga ta nan a kowane kango da bakin hanya daga Hanwa har Shika, ba wanda zai hana ka tsinka. Na tattaro ƙwai goma sha biyu daga ƙarƙashin ganye a gefen madatsar Kubanni, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, suka ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa huɗu. Tsutsar tana da zane fari da baƙi da rawaya, da wasu zaruruwa shida masu kama da ƙaho, kuma tana cin ganye ba dare ba rana har kusan mako biyu, tana tara dafin tumfafiya a jikinta, wanda shi ne ke sa tsuntsaye su ƙyale ta, su ƙyale malam-buɗe-littafin da za ta zama ma. Idan lokaci ya yi sai ta saƙa ɗan zare a rufin kejin, ta rataye kai a ƙasa, ta tuɓe fatarta ta ƙarshe, ta zama ɗan ƙwanso kore mai ɗigogi kamar an yayyafa masa ruwan zinariya.

A nan ne kejin ya biya kuɗinsa. Wata safiya bayan sallar asuba na ga ɗaya daga cikin ƙwansunan ya yi duhu har ana hango jan fukafuki ta cikinsa, sai na jawo kujera na zauna. Wajen ƙarfe takwas ya tsage, malamin ya zamo waje da ƙaton ciki da fukafukai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, ya riƙe ɓawon da ya fito daga ciki, ya fara tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukan har suka miƙe cikin 'yan mintoci, sannan ya yi sama da awa ɗaya a rataye suna bushewa. A bokiti, wanda ya suɓuce ya faɗi a wannan lokaci ya nakasa ke nan, domin jikin roba santsi gare shi, ba abin da zai kama ya hau. A wannan keji na ga biyu sun faɗo, kuma dukansu sun bi raga sun koma sama, suka bushe lafiya. Cikin sha biyun, goma sun tashi, na sake su a tsakar gida.

Idanun ragar kuma sun isa su hana ƙudan nan da ke saka ƙwai a jikin tsutsa shiga, abin da tsohon gidan sauro mai huji bai taɓa yi mini ba. Amma kada mai saye ya ɗora wa kejin laifi idan ya ɗauko babbar tsutsa daga daji, bayan kwanaki ya ga ƙwansonta ya yi baƙi, wata farar tsutsa ta huda ta fito, domin da cutar ta shigo. Shi ya sa na fi son ɗauko ƙwai.

Na kuma yi kiwon babban baƙi mai ɗigon rawaya da ke zuwa kan lemun tsami, Papilio demodocus, wanda tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, idan ta girma ta koma kore, idan aka taɓa ta kuma ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta mai wari. Shi ba ya ratayewa kai a ƙasa, ɗaure ƙugunsa yake yi da zare a jikin reshe, don haka sai an sa masa busasshen kara a tsaye. Tsayin kejin ya ɗauki reshen lemo a cikin kwalbar ruwa ba tare da an lanƙwasa shi ba, sai dai a toshe bakin kwalbar da auduga, in ba haka ba tsutsa za ta gangara ta nutse.

Sai dai wanda ya tsara kejin da alama bai taɓa zama a gidan da ke da kiyashi ba. Ƙasansa yadi ne mai ɗinki, kuma a kusurwar da zif ya ƙare akwai ɗan gibi da tsinken tsintsiya zai shiga. A karo na biyu na ajiye shi a kan tebur a zaure, na wayi gari kiyashi sun yi layi, sun cinye ƙwanso huɗu sun bar ɓawo. Daga ranar na tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa, na liƙe gibin, na kuma janye teburin daga jikin bango saboda tsaka. Yadin ƙasan yana shan danshin kashin tsutsa, a watan Agusta kwana biyu ya isa ya yi fumfuna, saboda haka dole ne a shimfiɗa tsohuwar jarida a riƙa sauyawa kullum. Takardar bayanin ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tsirran da ta lissafa ma na Amurka ne, babu tumfafiya, babu tafasa da rai-ɗore da tsutsar farin malam-buɗe-littafi ke ci.

Da hunturu ya shigo sai iskar da ke ratsa ragar, wadda ta yi amfani da damina, ta koma matsala, domin ganye yana yaushi kafin azahar, ƙura ta dusashe ledar, zif ɗin kuma ya fara cijewa har sai da na goga masa kyandir. Na riƙa lulluɓe gefe biyu da jiƙaƙƙen tawul, abin ya yi sauƙi.

Ga mai sha'awar faɗa-wuta, wato danginsu masu yawon dare, kejin rabin amfani gare shi. Da yawa daga cikinsu a cikin ƙasa suke shiga su yi ƙwanso, sai an sa musu tire da yashi mai ɗan danshi. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ma ba a haɗa ta wuri ɗaya, domin cin junansu suke yi, kowacce sai da kwalbarta. Wannan ɓangare ne ya fi jan hankalin maƙwabtana manoma, musamman da na nuna musu ɗan faɗa-wutan da ke fitowa daga tsutsar furen wake, wadda saboda ita ce Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019. Mahaifiyata kuwa da ta ga ina wannan hidima cewa ta yi, "Kai da za ka nemo masu saƙar tsamiya, da ka yi abin kai." Tana nufin tsutsotsin da ke taruwa su saƙa gida ɗaya, waɗanda daga gidan nasu ake samun zaren alharinin da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Na ce mata, "Inna, in kin ji inda suke, ki aika a kira ni."

Sauran kayan kwalin ba su kai kejin ba. Ragar kamun zurfinta daidai da faɗin bakinta yake, alhali ya kamata ya kai ninki biyu, domin idan an kaɗa a juya hannu jakar ta naɗe ta rufe bakin, kuma mariƙinta ya karye a mako na uku a gindin dutsen Kufena. Wani tela a Sabon Gari ya ɗinka mini wata jakar da yadin labule mai laushi, na ɗaura a sandar gora, ita nake amfani da ita har yau. Alluran na ɗinki ne aka canza musu fakiti, gajeru ne kuma sun yi tsatsa kafin damina ta fita, alhali na ainihi dogaye ne sirara, kusan santimita 4, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na rubuta wa mai kayan a kan haka, ya amsa da cewa haka suka zo masa. Allon shanya fukafukan ba laifi, katakonsa yana karɓar allura, amma ramin tsakiyarsa ba ya matsawa, ya yi wa ƙanana faɗi. Ni dai waɗanda suka mutu da kansu kaɗai nake shanyawa, in adana su a akwati mai murfin gilashi da ƙwayar kafur a kusurwa.

Na tambayi wani kafinta a Samaru abin da zai karɓa ya yi mini keji na katako da ragar taga mai wannan girma, ya faɗi kusan rabin abin da na biya, kuma nasa zai zo da ƙafafu da ƙasan katako mai zarewa. Abin da nasa ba zai yi ba shi ne naɗewa ya shiga jaka, da wankuwa a baho ya bushe cikin awa ɗaya, kuma wankin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin cuta tana bin keji daga zubi zuwa zubi. Shawarata ga malamin makaranta ko mai sha'awa da zai fara ita ce ya sayi kejin shi kaɗai idan mai kayan ya yarda ya raba, ya bar ragar kamu da allurai, ya tanadi gwangwanaye huɗu tun kafin ya tsinko ganyen farko, ya kuma kiyaye idonsa daga farin ruwan tumfafiya. Nawa yanzu yana naɗe a saman kabad, na kuma ba kafintan kafin alƙalami ya yi mini na katako domin faɗa-wuta kafin ruwan farko na watan Mayu.