Wane faifan Grateful Dead ya kamata ka fara saya?

Ƙungiyar makaɗan Grateful Dead ta Amurka ta hau dandamali fiye da sau 2,300 tsakanin 1965 da 1995, shekarar da jagoranta Jerry Garcia ya rasu. Abin da ke rikita sabon mai saye shi ne mutanen nan ba sa yin waƙa yau kamar yadda suka yi ta jiya. Wadda ta ci minti goma a wannan gari tana iya cin rabin awa a gari na gaba. Shi ya sa in ka ce wa masoyansu kana son waƙa kaza, sai su ce maka, “Ta wace rana?”

Amma kafin rana, tambayi inda aka ɗauko sautin. Akwai wanda aka ja kai tsaye daga na'urar haɗa sauti ta ƙungiyar: jita, ganga da murya duk suna fita tsaf, sai dai jama'ar kamar ba su zo ba. Akwai kuma wanda 'yan kallo suka ɗauka da makirufo, domin ƙungiyar ta ƙyale su, har ta keɓe musu wuri a 1984. Wannan yana ɗauke da sowa da tafi, wani lokaci har da hirar wanda ke tsaye kusa. In kuɗi za ka biya, nemi na farko.

Ɗauki waƙar “Dark Star” a matsayin ma'auni. Wadda ke faifan Live/Dead an ɗauke ta ne a zauren Fillmore West da ke San Faransisko ranar 27 ga Fabrairu 1969, tsawonta kusan minti 23. A ɗaure take tamau, jitar Garcia na tafe kamar mai ba da labarin da ya san ƙarshensa. Ta garin Veneta a jihar Oregon, 27 ga Agusta 1972, wadda ta fito a faifan Sunshine Daydream a 2013, ta haura rabin awa. An yi ta cikin tsananin zafin rana da ya riƙa kwance saitin jitoci, kuma mai ganga ɗaya ne, Bill Kreutzmann, don Mickey Hart ya bar ƙungiyar a lokacin. Hakan ya sa kiɗan ya yi sakayau, yana juyawa duk inda ya ga dama. A tsakiya tana shiga wani daji inda amo ke watsewa, wanda bai saba ba zai ɗauka na'urarsa ce ta lalace. Ni na ba ta 1969 maki tara cikin goma, ta Veneta takwas, ko da yake na san masu rantsuwa da ta biyun ba za su yafe mini ba.

Wanda waƙa mai baiti da amshi yake so, faifan Europe '72, na rangadinsu na Turai a 1972, shi ne nasa. Sai dai ka sani an gyara wasu muryoyin a situdiyo bayan sun dawo daga Turai, ba duka ne yadda aka ji a zauren ba. Akwai babban akwati na 2011 mai faifai 73 da ya tattara wasanni 22 na wannan tafiya. Wannan na waɗanda abin ya riga ya shiga jininsu ne.

Sai wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu 1977, wanda ya fi kowanne suna, aka kuma fitar da shi a hukumance a 2017. Yadda suka zarce daga waƙar “Scarlet Begonias” zuwa “Fire on the Mountain” ba tare da ka gane inda aka yi ɗinkin ba ya isa dalilin saye. Duk da haka, rabin sunan nan na Betty Cantor-Jackson ne, wadda ta ɗauki sautin. Kasetinta ya yi kyau, ya bazu hannu da hannu. Washegari a Buffalo sun yi wasan da mutane da yawa ke ganin bai gaza ba. A 1977 masu ganga biyu ne, kiɗan ya fi nauyi da tsari, bai cika yawo ba. Ga baƙo, da faifan Cornell zan ce ya fara.

Jerin faifan wasanninsu mai suna Dick's Picks, kashi 36 daga 1993 zuwa 2005, an fitar da shi da ɗan lahanin kaset ɗinsa, ba a ɓoye ba. Jerin Dave's Picks da ya fara a 2012 ƙayyadadden adadi ake bugawa, in ya ƙare sai a hannun 'yan sari da tsada.

Kusan duk wasannin da 'yan kallo suka ɗauka suna rumbun intanet na Internet Archive kyauta, a jere bisa kwanan wata. Saurari 1969, 1972 da 1977 dare ɗaya-ɗaya, ka ga wadda ka kai ƙarshenta ba ka taɓa waya ba. Ka tanadi data dai, wasa ɗaya kan kai awa uku.