USRP B210: iya nauyin da za ta ɗauka a binciken 5G

Da yawa daga ɗakunan bincike na jami'a da ke son kafa ƙaramar tashar 5G a kan teburi, da USRP B210 ta kamfanin Ettus Research suke farawa. Rediyo ce da manhaja ke sarrafawa. Tana aiki daga 70 MHz zuwa 6 GHz, da kafar aikawa biyu da ta karɓa biyu, kebul ɗin USB 3.0 guda kuma ke haɗa ta da kwamfuta. Idan aka ɗora wa kwamfutar manhajar srsRAN ko OpenAirInterface a matsayin tasha, manhajar Open5GS a matsayin cibiyar da ke rajistar wayoyi, aka sa layin gwaji mai lamba 001/01, wayar hannu ta gaske za ta iya hawa a zangon n78, wajen 3.5 GHz.

A takarda faɗin zangon da take ɗauka a lokaci guda ya kai 56 MHz, amma da kafa ɗaya ke nan. Da an kunna biyu sai ya sauko zuwa 30.72 MHz. A aikace, 20 MHz ne inda hankali ke kwanciya. Ko a nan ma samfurin sigina miliyan 23.04 ne ke wucewa kowace daƙiƙa, kusan megabait 92 zuwa, 92 dawowa. Da kwamfuta ta ɗan yi nawa, sai haruffan U da O da L, alamun cewa samfuri sun ƙare, sun yi ambaliya ko sun makara, su fara zubowa a allo, waya ta faɗi daga layi. Sau da yawa laifin ba na rediyon ba ne: ko an raba kafar USB da wata na'ura, ko an bar kwamfuta tana tsimin wuta. A fara gwada benchmark_rate, manhajar auna saurin aikawa tsakanin rediyo da kwamfuta, kafin a taɓa komai.

Babban rauninta agogo ne, kuma shi ke cinye wa ɗalibai makonni. Agogon cikinta na iya kaucewa da kashi 2 cikin miliyan, wato kimanin 7 kHz a 3.5 GHz, alhali ƙa'idar 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin 5G, ba ta yarda ƙaramar tasha ta wuce kashi 0.1 cikin miliyan ba. Tasha na aiki lafiya lau, allo babu kuskure ko ɗaya, waya kuwa ko ƙyallin sigina ba ta gani. Maganinsa GPSDO ne, wato agogon da GPS ke daidaitawa, ko agogon waje na 10 MHz, don haka a sa kuɗinsa cikin kasafi tun farko.

A kula, kafar karɓa ba ta jure ƙarfin sigina fiye da -15 dBm. Mai haɗa aikawa da karɓa ta kebul ya sa abin rage ƙarfi na 30 dB a tsakani, in ba haka ba ya ƙona ta. Mai sa eriya kuma ya yi aiki cikin akwatin da ke toshe sigina, domin zangon nan na masu lasisi ne.

Don koyarwa da gwajin rabon zango tsakanin wayoyi, ta isa. Mai neman tashar 100 MHz sai ya koma manyan rediyoyin Ettus, X310 ko N310, da kebul na gigabit 10. Zangon 7 zuwa 24 GHz da ake hange don 6G kuwa, B210 ba ta kaiwa can sam.