ibisPaint X a hannun mai zanen katun: inda take ƙwarewa da inda take ba da matsala

Mai zanen katun da ke cin gashin kansa a Sakkwato, ko malamin da ke koya wa matasa haɗa labarin zane, yawanci wayarsa ce ɗakin aikinsa. Kwamfuta tana da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas. Shi ya sa ibisPaint X, manhajar zane ta wani kamfanin Japan, ta cancanci a duba ta da kyau. Kyauta ce a Android da iPhone, kuma a ganina ta isa a yi aikin kuɗi da ita, muddin an san wurare uku da take kayar da mutum: girman shafi, haruffan Hausa, da ajiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take karɓar zanen takarda. Ka zana da fensir, ka bi da baƙin biro, ka ɗauki hoto a inuwa mai haske, wayar tana daidai saman takardar ba a karkace ba. Da ka shigo da hoton za ta tambaye ka ko ta tsamo layukan kaɗai. Ka amsa, ka ja ma'aunin baƙi da fari har dattin takarda ya ɓace. Layin zai zauna a leyarsa, wato shimfiɗar da ake iya gyarawa ita kaɗai ba tare da taɓa sauran zanen ba, sai ka buɗe wata a ƙarƙashi don launi. Idan aka ɗauki hoton a tsakiyar rana, inuwar hannu da ƙyallin gawayin fensir suna fitowa tabo-tabo, gyaransu kuma ya fi sake ɗaukar hoton wahala.

Yanka shafi gida-gida, wato akwatunan da ke ɗauke da kowane zane na labarin, ma ba wuya. Akwai abin da ke shimfiɗa babban firam, kai kuma ka ja yatsa ka raba shi. Ka sa tazarar da ke tsakanin jeri da jeri ta fi wadda ke tsakanin gida da maƙwabcinsa faɗi, don idon mai karatu ya gama layi ɗaya kafin ya sauka. Gida biyar ko shida sun ishi shafin A5. Ga mai zane da yatsa ko alƙalamin roba na kasuwa, wanda ba ya jin nauyin hannu, akwai ma'aunin daidaita layi da ke kaiwa 10. Bakwai zuwa takwas yana kashe rawar hannu wajen naɗin rawani ko ƙahon rago, amma wajen aikin wuyan babbar riga a sauke shi, in ba haka ba ƙananan kusurwoyin duk za su lanƙwashe.

Girman shafi shi ne tarkon farko. Da yawa suna buɗe shafi daidai fuskar waya, su gama aiki mai kyau, a kai wurin bugu ya fito dishi-dishi. Littafin A5 milimita 148 ne da 210, wato kusan fiksel (ɗigon da ke haɗa hoto) 1748 da 2480 a dpi 300, ma'ana ɗigo 300 a kowane inci. Idan zanen zai kai bakin takarda, a ƙara milimita 3 kowane gefe saboda wuƙar yanka. Sai dai shafi yana girma, yawan leyar da waya za ta iya ɗauka yana raguwa. A ƙaramar waya a tsaya a kan biyar ko shida: zanen farko, layi, launi, inuwa, rubutu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, waya tana rage gudunta da kanta idan ta ɗau zafi, layi ya riƙa biyo yatsa a makare. A cire mata riga, kar a yi zane tana caji, a bar babban aiki sai da asuba ko bayan isha'i. Da hunturu kuma a goge ƙura kafin a ɗora alƙalami, don ita ke karce gilashi.

Rubutu ne ya fi ba ni haushi. Yawancin kyawawan salon haruffan da ke ciki ba su san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Ko dai su bar ɗan akwati a wurin, ko su aro harafin daga wani salo ya fito bare a tsakiyar kalma. Wanda ya gaji ya cire lanƙwasar, sai “ƙasa” ta koma “kasa”, kuma a littafin wayar da kai ko na ƴan firamare wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Manhajar tana yarda a shigo da salon haruffa daga waje, don haka a sauko da Andika ko Noto Sans, duka suna da haruffanmu. In ana son wani salon daban don kanun labari, a rubuta da k ko d, a ƙara lanƙwasar da hannu a leya ta daban. Ajami kuwa a rubuta shi da hannu gaba ɗaya, ya fi kama da abin da idon mutanenmu ya saba gani a allo. Kullum a fara sa magana kafin a zagaye ta da kumfa, domin jimlar Hausa tana cin wuri.

Ga malami, babbar garaɓasar ita ce manhajar tana naɗar yadda aka yi zane tun daga layin farko. Ɗalibi ya turo bidiyon, ka ga ko ya fara da ƙwarangwal ɗin jiki ko da ido ya fara, ka kuma gane wanda ya bi kan zanen wani. Matsalarta a aji talla ce. Wasu burusan zane na manhajar a kulle suke sai an kalli talla, sannan su buɗe na awa 18, kuma ba kowace talla ce ta dace da yara ba. A buɗe su tun a gida, a kashe data kafin darasi.

Ajiya ba abin wasa ba ce. Zanen yana zaune ne a cikin manhajar, in aka goge ta ko wayar ta faɗa hannun ɓarawo, ya tafi. Duk shafin da aka gama a fitar da shi a matsayin IPV, wanda ke riƙe da leyoyi, a kwafa a Google Drive ko katin memori. Wajen miƙa aiki, a fara tura ƙaramin samfuri mai sa hannu a tsakiya, cikakken hoton mai inganci, wato PNG, sai an cika kuɗi. A WhatsApp a tura shi a matsayin takarda (Document), don in aka tura shi a hoto za a matse shi ya lalace. Launin fuskar waya kuma ya fi na tawada haske, musamman shuɗi da kore, saboda haka a buga shafi ɗaya na gwaji kafin a ba mai inji izinin buga sauran.