Bloom: manhajar haɗa littattafan koyon karatu, inda ta yi da inda ta gaza

Duk malamin aji ɗaya ya san wannan matsalar. Yara sun koyi haruffa shida, sun iya haɗa b da a su ce ba, amma duk littafin da aka miƙa musu cike yake da haruffan da ba su kai ba, sai su koma cinta daga hoto. Wannan giɓin ne Bloom ta zo cikewa. Manhajar kwamfuta ce da SIL, ƙungiyar da ke aiki kan harsuna, ta samar, ana sauke ta kyauta, kuma a 2015 ta lashe gasar Enabling Writers ta shirin All Children Reading. Tana aiki a kan Windows, kuma da zarar an saka ta ba a buƙatar intanet don rubutu ko bugawa.

Farawa ba wuya. Za ka zaɓi harshen littafin, ka ɗauki samfuri, ka cika gurbin rubutu da na hoto a kowane shafi. Wanda ya iya rubuta wasiƙa a kwamfuta zai fitar da littafinsa na farko a yini guda. Salon rubutun da take zuwa da shi, Andika, an tsara shi ne don masu koyon karatu: harafin a yana fitowa kamar yadda malami ke rubuta shi a allo, kuma ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa da ƙugiyarsu sarai.

Ƙarfinta na gaske yana cikin sashen da ake kira Decodable Reader. A nan malami ke shigar da haruffan harshen, ya raba su mataki-mataki bisa tsarin da yake koyarwa. A ce mataki na ɗaya yana da a, n, k, m, i. Yana rubutu, duk kalmar da ta ɗauko harafin da ba a kai ba sai manhajar ta yi mata alama da launi. "Nana" da "kama" za su wuce, "gida" za ta tsaya. Idan an ba ta tarin rubutu na harshen, ita da kanta za ta jero kalmomin da suka halatta a kowane mataki, abin da kan cinye wa malami sa'o'i idan da hannu zai yi. Akwai kuma wurin saka 'yan kalmomin da yara ke haddace su ɗungurungum, irin su "ne" da "ce", domin da wuya a gina jimla ba tare da su ba.

Sai dai a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Dole a shigar da tagwayen baƙaƙe, wato sh, ts, ky, kw, gy, gw, ƙy da ƙw, kowanne a matsayin harafi guda. Idan aka manta, manhajar za ta ga s da h a cikin "shanu", in an riga an koyar da su daban-daban sai ta bar kalmar ta wuce alhali yaro bai taɓa jin sautin sh a darasi ba. Haka alamar da ke cikin "'ya'ya" da "sa'a": akwai miƙaƙƙiya, akwai lanƙwasasshiya, ido na ganin su kusan ɗaya amma kwamfuta na ƙirga su daban. A zaɓi guda a tsaya a kanta. Wanda kuma ya saba rubuta k a madadin ƙ, to ya gyara allon rubutun kwamfutarsa tun kafin ya fara, da Keyman, manhajar da ke ba da damar buga haruffa irin su ƙ, ko makamanciyarta, in ba haka ba jerin kalmomin zai cakuɗe.

Ɗaya sashen, Leveled Reader, ƙidaya yake yi: kalmomi nawa a jimla, nawa a shafi, nawa a littafin gaba ɗaya. Ka sa iyaka, misali kalma biyar a jimla, duk wadda ta zarce ta sha launi. Yana da amfani, amma ƙidaya ce kawai. Bai san cewa "gari" na iya zama birni ko abin da aka niƙa ba, tunda rubutu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Bai kuma san labari mai daɗi da wanda ba shi da kai balle gindi ba. Ana iya fitar da littafin da babu launi ko ɗaya a cikinsa, yara su karanta shi daidai, su rufe ba tare da sun fahimci komai ba. Shi ya sa kafin a buga da yawa, a ba yara uku ko huɗu su karanta da ƙarfi, a lura da inda suka tsaya, a tambaye su me ya faru a labarin.

Wajen aikin gayya da iyaye da dattawan unguwa, kada a zaunar da kowa gaban kwamfuta. A tattara labaran a takarda tukuna, malamai su rage su zuwa matakin da ake so, mutum ɗaya ko biyu su shigar. A rubuta sunan mai labari da mai zane, a kuma nemi yardarsu kan lasisin Creative Commons da za a saka, wato izinin da ke fayyace yadda wasu za su iya amfani da littafin, musamman idan za a ɗora littafin a Bloom Library inda kowa zai iya saukewa ya fassara. Daga can ma ana samun littattafan da hotunansu ke nan a shirye, rubutu kawai za a sauya, ko da yake fassara kan rushe matakin: jimla mai sauƙi a wani harshe tana iya zuwa da haruffa masu wuya a naka. Tarin zanen Art of Reading, mai hotuna sama da 10,000, ana sauke shi daban. Yawancinsu baƙi da fari ne, wanda ya fi dacewa da injin kwafi fiye da hoton waya da kan fito duhu-duhu.

Akwai damar naɗar murya jimla bayan jimla, yaro ya saurara a manhajar Bloom Reader ta wayar Android yana bin rubutun da ido. Wasu ƙarin abubuwan kuma sai da kuɗin rajista, amma aji bai dogara da su ba.

Bugawa ce ke ɓata wa mutane takarda. Bloom na jera shafuka da kanta ta fitar da PDF, yadda takardar A4 guda ke ɗaukar shafi huɗu na girman A5, biyu gaba biyu baya. Don haka a sa adadin shafuka ya rabu da huɗu, ko a samu fararen shafuka a ƙarshe. Littafi mai shafi 16 takarda huɗu ne, kwafi 40 kuma takarda 160, ban da bango. A saita firinta ta juya takarda ta gajeren gefe, domin idan ta juya ta dogon gefe bayan kowane shafi zai fito kai ƙasa. A buga kwafi ɗaya, a ninke, a duba lambobin shafi kafin a saki sauran. Ƙaramin abin ɗinke takarda ba ya kaiwa tsakiyar ninkin, sai mai dogon hannu, in babu shi kuma allura da zare mai ƙwari, huji uku a kan ninkin, sun wadatar.